Katy: Layin Dogon Da Ya Koma Hanyar Masu Tafiya A Ƙasa

A jihar Misuri ta ƙasar Amurka akwai wata doguwar hanya da mota ba ta bi. Tsawonta mil 240, wato kimanin kilomita 386, daga wani ɗan wuri da ake kira Machens a gabas har zuwa garin Clinton a yamma, amma faɗin shimfiɗarta bai fi mita uku da 'yan kai ba. Niƙaƙƙen farin dutse aka zuba aka daɓe. Masu tafiya a ƙasa, da 'yan keke, da masu gudu, da tsofaffi a keken guragu, duk ita suke bi, kuma a wasu sassa har da mahaya dawaki. Fiye da rabinta yana manne da gaɓar arewa ta Kogin Misuri: ruwa a hannu ɗaya, dogayen duwatsu a ɗaya hannun. Sunanta Katy, kuma a duk Amurka babu tsohon layin dogo da aka mayar hanyar yawo da ya kai ta tsawo.

Abin da mai tafiya ba zai gani da ido ba shi ne, a wurin doka wannan layin dogo bai mutu ba. An cire ƙarafunansa, an kwashe katakon da aka shimfiɗa su a kai, a yawancinsa jirgi bai ƙara wucewa ba tun 1986, amma a takarda ajiye shi aka yi, ko wata rana za a sake bukatarsa. A kan wannan dabara ta shari'a hanyar take tsaye. Kafin a kai gare ta kuwa, sai an san kwarin da hanyar ta ratsa da kogin da ke mulkinsa.

Zamanin kwale-kwale da jirgin tururi

Kogin Misuri shi ne mafi tsawo a Amurka ta Arewa, ya haura kilomita 3,700 daga duwatsun jihar Montana zuwa inda ya haɗu da Misisipi kusa da birnin St. Louis. Ruwansa ja ne da laka, kuma tun asali ba ya zama wuri guda. Bana ya ci gaɓar nan, baɗi ya koma waccan. Mutanen Missouria, waɗanda kogin da jihar suka samu suna daga gare su, da mutanen Osage, sun daɗe suna zaune a wannan yanki kafin zuwan Turawa. Cututtukan da baƙi suka shigo da su da yaƙe-yaƙe suka raunana Missouria, su kuma Osage aka sa su sallama ƙasarsu a yarjejeniyoyin 1808 da 1825.

A 1803 shugaba Thomas Jefferson ya sayi yankin Louisiana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, sannan ya tura Meriwether Lewis da William Clark su bi kogin su gano inda ya nufa. Ayarinsu ya bar St. Charles ranar 21 ga Mayu, 1804. Bayan kwana huɗu suka yada zango a La Charrette, wani ƙauyen Faransawa mai 'yan gidaje kusa da inda Marthasville take a yau, kuma daga nan ba su sake ganin mazaunin Turawa ba a kan hanyarsu ta yamma. A farkon Yuni suka wuce duwatsun da ke kusa da Rocheport na yanzu, inda Clark ya rubuta cewa ya ga zane-zanen 'yan asalin ƙasar a jikin dutse. Cikin ayarin akwai York, bawan Clark, wanda ya sha wahalar tafiyar daidai da kowa har bakin Tekun Fasifik, ya dawo bai samu lada ko fili ba kamar yadda sauran suka samu.

Bayansu baƙi suka kwararo. Shahararren maharbin nan Daniel Boone ya ƙare rayuwarsa a wannan kwari, ya rasu a 1820 kusa da Defiance. 'Ya'yansa biyu sun yi sana'ar dafa gishiri a can gaba, a yankin da har yau ake kira Boonslick. Mutanen Kentucky da Virginia sun zo da bayinsu, suka noma taba da rama a gundumomin tsakiyar kogin, saboda haka wani ɓangare na arzikin kwarin gumin bayi ne. Daga baya Jamusawa suka iso, bayan wani littafi da Gottfried Duden ya buga a 1829 yana yabon yankin, suka kafa garuruwa irin su Hermann, suka dasa inabi a gangaren tsaunuka.

Labarin garin Franklin ya isa ya nuna halin kogin. Jirgin ruwa mai tururi na farko da ya hau Misuri, mai suna Independence, ya isa can a 1819. Daga can kuma William Becknell ya tashi a 1821 ya buɗe hanyar fatauci zuwa Santa Fe. Gari ne da ake ganin zai yi gogayya da St. Louis. Kafin 1830 kogi ya cinye shi, mutanen suka hau tudu suka kafa New Franklin. Jiragen tururin ma ba su tsira ba: ɗaruruwansu sun nitse a Misuri, yawanci saboda kututturan itatuwa da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa. Duk wanda ya nemi abinci a wannan kwari ya san cewa aro yake zaune.

Zuwan jirgin ƙasa

Kamfanin da ya ba hanyar suna an kafa shi a 1865 a Kansas, a 1870 sunansa ya koma Missouri, Kansas and Texas. A kasuwar hannun jari haruffa biyu ake rubuta masa, K da T, daga nan mutane suka laƙaba masa Katy. A wannan shekara ta 1870 ya ci wata tsere da aka yi tsakanin kamfanoni, ya riga kowa isa iyakar yankin da gwamnati ta keɓe wa 'yan asalin ƙasar, wato jihar Oklahoma ta yau, ya samu izinin ratsa shi daga arewa zuwa kudu. A ƙarshen 1872 jirginsa ya shiga Teksas. Shanu, auduga, alkama, kwal, daga baya man fetur, su ne kayansa.

Abin da ya rage masa shi ne hanyar kansa zuwa St. Louis, babbar kasuwar yankin. Gaɓar kudu ta kogin ta riga ta shiga hannun wani kamfani, Missouri Pacific. Sai aka ɗauki gaɓar arewa. A 1892 da 1893 wani ƙaramin kamfani mai suna Missouri, Kansas and Eastern ya shimfiɗa layin, Katy kuma ta haɗiye shi bayan 'yan shekaru. Injiniyoyin sun zaɓi bakin kogi ne don jirgin ƙasa ba ya son hawa. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare ta, ɗan tudu kaɗan sai ya rage yawan taragun da kan jirgi zai iya ja. Kogi kuwa ya riga ya sassaƙe hanya miƙaƙƙiya tsakanin duwatsu. Inda dutse ya tare gaba aka sa nakiya. A Rocheport aka huda rami mai tsawon ƙafa 243 a 1893, wanda shi kaɗai ne a kan hanyar, kuma har yanzu akwai baƙin hayaƙi a rufinsa.

Kan jirgi mai tururi na bukatar ruwa da kwal a kai a kai, manoma kuma na bukatar tasha kusa da gonakinsu. Shi ya sa ƙananan garuruwa suka jeru a kan layin, kusan kowane mil goma: Treloar, McKittrick, Rhineland, Tebbetts, Hartsburg, McBaine. Akwai ma wanda ya sauya suna zuwa Mokane, daga haruffan sunan kamfanin da ya gina layin. Kowane na da rumbun hatsi, da kanti, da banki ɗan ƙarami. A Sedalia kamfanin ya kafa manyan wuraren gyaran taragu da tasha mai kyau wadda aka buɗe a 1896, kuma a cikin hayaniyar wannan garin ma'aikatan jirgi ne makaɗin fiyano Scott Joplin ya yi suna a ƙarshen ƙarnin.

Sauƙin da bakin kogi ya bayar yana da farashi. Kusa da Steedman akwai wani dutse tsaye shi kaɗai a gefen hanya, wanda aka yi ta sa wa alamar inda ruwa ya kai a ambaliya daban-daban, tun daga 1903 har 1993. Kowace alama na nufin layi ya yanke, gadoji sun tafi, kamfani ya sake zuba kuɗi. Muddin jirgi na kawo riba, ana gyarawa. Amma tsawon layukan dogo a Amurka ya kai ƙololuwa a 1916, kimanin mil 254,000, daga nan sai raguwa. Motoci da manyan tireloli suka ƙwace fasinja da kaya. A 1956 aka kafa dokar gina manyan titunan tarayya, kuma ɗaya daga cikin ayyukan farko an fara shi ne a gundumar St. Charles, dab da layin Katy. Kafin 1960 jirgin fasinja ya daina bin bakin kogin. A farkon Oktoba 1986 ruwa ya sake tasowa ya wanke layin a wurare da dama. Wannan karon kamfanin, wanda dama kuɗi sun yi masa ƙaranci, ya ce ya gaji. Ya karkatar da jiragensa zuwa wasu layuka, bayan shekara biyu kuma Union Pacific ta saye shi.

Dokar ajiye layi

Abu mafi tsada a layin dogo ba ƙarfen ba ne, filin ne. Ƙarfe ana narkarwa a sake ƙerawa. Amma siririn fili mai faɗin ƙafa ɗari wanda ya miƙe ɗaruruwan mil ba tare da yankewa ba, ya ratsa gonakin dubban mutane, ba a haɗa irinsa sau biyu. Kamar burtali ne: ranar da aka bar kowane manomi ya ja kunyarsa ya shiga, an rasa shi ke nan, ko da daga baya kowa ya gane amfaninsa.

Matsalar kuwa ita ce, ba duk filin kamfanonin jirgi suka saya ba. A wurare da yawa izinin wucewa kawai suka samu, bisa sharaɗin cewa in jirgi ya daina bi, fili ya koma ga mai gonar da ke gefensa. Bayan dokar Staggers ta 1980, wadda ta sassauta wa kamfanoni ƙa'idoji, dubban mil aka riƙa watsarwa kowace shekara, filayen suna wargajewa. Tun kafin nan akwai masu ganin asarar. A 1963 wata masaniyar tsirrai, May Theilgaard Watts, ta rubuta wa jaridar Chicago Tribune wasiƙa tana kira da a mayar da wani mataccen layi hanyar tafiya, aka kuwa yi. Jihar Wisconsin ma ta buɗe hanyar Elroy zuwa Sparta a shekarun 1960. Amma waɗannan ɗaiɗaiku ne.

A 1983 majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar hanyoyin ƙasa ta 1968 gyara. Gyaran ya ce, in kamfani zai bar layi, wata hukuma ko ƙungiya na iya karɓarsa riƙo, ta ɗauki nauyin kula da shi, ta bar jama'a su bi a ƙasa ko a keke. A idon doka ba a watsar da layin ba, ajiya aka ba da, saboda haka sharaɗin komawar fili bai cika ba. A 1987 hukumar tarayya mai kula da sufuri tsakanin jihohi ta amince a yi wa layin Katy haka, daga Machens zuwa Sedalia, a hannun ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar Misuri.

Manoman bakin kogin ba su yi shiru ba, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Kakanninsu sun ba jirgi hanya, ba su ba 'yan yawo ba. Sun yi tsammanin fili zai dawo musu, sai suka ji cewa baƙi daga birni za su riƙa ratsa bayan gidajensu. Sun ji tsoron sata, da shara, da barin ƙofar shinge a buɗe dabbobi su fita. Suka kai ƙara, suka matsa wa majalisar jiha har kuɗin aikin ya yi wuyar fitowa. A ɗaya ɓangaren akwai 'yan keke da masu kare muhalli, cikinsu har da lauya Darwin Hindman, wanda daga baya ya zama magajin garin Columbia. Wanda ya warware matsalar kuɗi shi ne Edward Jones, da aka fi sani da Ted, attajirin kamfanin hada-hadar hannun jari, shi da matarsa Pat. Ya taɓa hawa keke a irin wannan hanya a Wisconsin, ya dawo da sha'awar ganin irinta a gida. Suka ba da dala miliyan 2.2, aka sayi layin aka fara shimfiɗa.

A Fabrairun 1990 Kotun Ƙolin Amurka, a wata shari'a da ta taso daga jihar Vermont, ta tabbatar da cewa dokar ajiye layi ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Amma ta bar ƙofa a buɗe: wanda yake ganin an ƙwace masa haƙƙi yana iya neman diyya daga gwamnatin tarayya. Masu gonakin Misuri suka bi ta wannan ƙofa, kuma a 2000 kotun tarayya mai sauraron irin waɗannan ƙararraki ta yarda cewa lallai an ɗauki abin da yake nasu, sai a biya su. Hukuncin ya raba gardama yadda ya kamata. Hanya ta tsaya, amma an amsa cewa ba kyauta aka same ta ba.

Ruwa ya dawo

An buɗe sashen farko kusa da Rocheport a Afrilun 1990. Ted Jones ya ga wannan rana, ya rasu a watan Oktoba na shekarar. Aiki na ci gaba sashe bayan sashe sai ga babbar ambaliyar 1993, wadda ta shafe watanni tana cin kwarin Misuri da Misisipi. Daga cikin mil 126 da aka riga aka buɗe, ta lalata kimanin 75. A 1995 ruwa ya sake zuwa. Sai a 1996 aka haɗa St. Charles da Sedalia ba yankewa. Union Pacific ta ba da kyautar ƙarin mil 33 zuwa Clinton, aka buɗe shi a 1999, sannan a 2011 aka kammala ƙarshen gabas har Machens. A 2019 kogi ya sake rufe dogayen sassa na tsawon watanni.

A nan bambancin hanyar da jirgin yake. Kogin bai sauya hali ba, duk da shingaye da madatsun da injiniyoyin soja suka yi masa. Amma layin dogo yana bukatar kowane taku ya zama daidai kafin tarago ɗaya ya wuce, in mil guda ya yanke duka ya tsaya. Hanyar tsakuwa kuwa, in ruwa ya janye sai a kankare laka, a zuba sabon dutse, a daɓe. Kafin a gama, matafiya na zagayawa ta titin ƙauye su koma kanta a gaba. Abin da ya kori kamfani mai dubban ma'aikata bai kori hanyar da ba ta ɗaukar abin da ya fi keke nauyi ba.

Tafiya a kanta

Wanda ya tashi daga Machens zai ga alamar mil ta farko ba sifili take nunawa ba, kusan 27 take nunawa, don an bar lissafin kamfanin jirgi yadda yake, wanda ke farawa daga St. Louis. St. Charles, babban birnin jihar na farko daga 1821 zuwa 1826, na wajen mil 39, Rocheport 178, Boonville 191, Clinton 264. 'Yan keke kan gama ta cikin kwana huɗu zuwa shida. Mai tafiya a ƙasa da ke cin kilomita 25 zuwa 30 a yini zai yi kusan mako biyu. Akwai mashiga 26, yawancinsu a inda tsofaffin tashoshi suke, da wurin ajiye mota da allon tarihin garin. Ana buɗe hanyar daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kwana kuwa sai a masauki ko sansanin da aka tanada.

Rashin tudu, wanda ya jawo injiniyoyi, shi ne daɗinta, shi ne kuma wahalarta. Yaro da tsoho na iya binta, amma mai doguwar tafiya zai tarar ƙafa na taka wuri iri ɗaya dubban sau, sai kanta ta fito. A watannin Yuli da Agusta zafi da gumi na da tsanani, kuma a wasu sassa, inda hanya ta ratsa gonakin masara da waken suya, babu inuwa. Ruwan sha ma ba a kowace mashiga ake samu ba, musamman da sanyi, lokacin da ake rufe famfuna don kada su daskare. Akwai kaska a ciyawa, da wani ganye mai sa ƙaiƙayi, da macizai masu fitowa shan rana. Shi ya sa masu sani suka fi son Mayu, ko Oktoba lokacin da ganyaye ke rikiɗa ja da rawaya. Da sanyi kuma ana ganin gaggafa mai farin kai, alamar ƙasar, a kan itatuwan bakin ruwa.

Sashen da aka fi yabo shi ne tsakanin Rocheport da McBaine, inda duwatsu suka miƙe sama kamar bango, kogi na gudu 'yan taku kaɗan daga hanya. Kusa da McBaine akwai wata ƙatuwar bishiyar oak da ta haura shekara 300, wadda tana nan tsaye lokacin da Lewis da Clark suka wuce. A Boonville hanya ta haye kogi ta gadar mota, ana hango tsohuwar gadar jirgi ta 1932 mai ɗaga tsakiyarta don jiragen ruwa su wuce. Union Pacific ta so ta kwance ta, mutanen garin suka yi tsayin daka, a 2010 aka cimma yarjejeniyar barin ta a hannunsu. Daga nan hanya ta rabu da kogi, ta shiga tuddai da filayen ciyawa har Clinton.

Tun da hanya ɗaya ce ga kowa, akwai ladabinta. Kowa ya riƙe hannun dama. Mai keke ya yi magana ko ya kaɗa ƙararrawa kafin ya wuce mai tafiya. Kowa ya ba doki hanya. Mafi muhimmanci, kada a tsallaka shinge, domin 'yan taku kaɗan daga gefen hanya gonar wani ce, kuma wataƙila gidan da ya yi shari'a ne a kan wannan fili.

Garuruwan da suka yi kusan mutuwa bayan tafiyar jirgi sun ɗan farfaɗo. Faɗuwar wani tashin wani: tsohon kanti ya zama wurin cin abinci, gidan ma'aikatan jirgi ya zama masauki, tashoshin Boonville da Sedalia sun zama wuraren karɓar baƙi. Wani nazari da aka fitar a 2012 ya ƙiyasta masu zuwa hanyar a kusan 400,000 a shekara, da tasirin kuɗi na kimanin dala miliyan 18. Wannan bai kai abin da jirgi ya kawo a zamanin ƙarfinsa ba, kuma ciniki ne na lokaci, da sanyi ya shigo sai kasuwa ta mutu. Amma ya isa ya hana wasu ƙauyuka rufe ƙofa.

Jihar ba ta tsaya nan ba. A 2016 ta buɗe mil 47 na wani tsohon layi, Rock Island, daga Windsor zuwa Pleasant Hill, wanda ya kusantar da Katy da birnin Kansas. A 2021 ta karɓi ƙarin mil 144 na wannan layin a ƙarƙashin dokar ajiya ɗin nan. Gardamar da aka yi a 1987 ta sake tashi kusan kalma da kalma: masu gonaki na maganar shinge da diyya, 'yan majalisa na tambayar inda kuɗi zai fito, ƙananan garuruwa kuma na ƙosawa a fara. Bambancin kawai shi ne, yanzu kowane ɓangare na da fiye da shekara talatin na Katy da zai kafa hujja da su, kuma filin da ake jayayya a kansa yana nan a haɗe, bai wargaje ba, har a gama shawara.